Ajiyar Lauratu

…ga wani ma ya faɗi. Ban taɓa shi ba, Lauratu, ko numfashi ban yi a kansa ba. Ina zaune a majalisi, ɗakin baƙinmu, ina kallon tukunyar shukarki, sai kawai ya saki gaɓarsa ya sauka a kan darduma. Tohon fure, ɗan ja, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na tsince shi, na haɗa da 'yan'uwansa da ke cikin tafina. In zubar? A ina? Kwandon shara Suhaila za ta gani, kuma bakin 'yar nan tawa kin san… a'a, ba ki sani ba. Ba a haife ta ba kika tafi.

Ɗana Fahad ya fita ɗauko ki tun bayan Azahar. Ya ce motar ziyararku tana masallacin Ƙiblatain, daga can zai zare ki daga ayarin 'yan umara ya kawo ki unguwarmu, Bani Harisa. Yaron da kika goya, shi ke tuƙa ki yanzu — kin gane shi kuwa da wannan gemun? Da Larabci zai riƙa amsa miki, kada ki ji haushi. Yana jin Hausa sarai, bakin ne ya yi nauyi.

Shekara ashirin da ɗoriya babu ke babu labarinki. Sai ga saƙon murya a wayata, lambar Nijar. "Yaya Sabuwa, ni ce hwa, Lauratu ta Maraɗi. Ina nan tahe cikin Rajab. Ina ajiyata? Ki shirya mini ita." Sai dariya, wannan dariyar taki mai ƙarewa da tari. Na saurara, na sake saurara, har Suhaila ta ce zan cinye batirin. Wasa kike yi? Da gaske kike? Ke da ma ba a gane wasanki da gaskiyarki, da murya ɗaya kike yin su.

In da gaske ne, sai na bayar. Ba ni da wata hanya. Gidanmu gidan ajiya ne tun ina rarrafe. Alhazai su zo daga Kano, daga Damagaram, daga Sudan, su bar wa Innata ƙunshi su ce sai baɗi, baɗin kuma ta Allah ce. Akwatin ƙarfen wani mutumin Katsina ya kwana a ƙarƙashin gadonta har na yi wayo, har na yi aure, ba ta taɓa murɗa kwaɗon ba. Ranar da ɗansa ya zo, ta goge ƙura ta miƙa masa, ko me ke ciki ba ta tambaya ba. "Ajiya ba ta zama gado," ta ce da ni. Amma Inna akwati ta ajiye… Akwati ba ya jin ƙishi. Ba a tashi da safe a duba ko ya kwana lafiya.

A gwangwanin madara kika hawo da ita. Kin tuna? Gaɓa uku ko huɗu, tana reto kamar za ta karye. Nas ɗin nan 'yar Filifin a asibitin da kike goge-goge, za ta koma ƙasarsu, ta rasa wa za ta bar wa, ta ba ki. Ɗakin da kike haya a ƙasan gidanmu kuwa ko taga babu. "Yaya, a sa mini ita wurinki, ɗakina kabari ne." Ƙarshen azumi ne, azumin sanyi, muna shan shayi da ganyen habaƙ mai ƙamshi bayan tarawihi muna rawar ɗari. Ran Sallah da safe na shiga ɗauko turare — ga shi ta buɗe. Fure ɗaya tak, ja mai ruwan hoda, ya sunkuyar da kai ƙasa, fure a cikin fure. Na ƙwala miki kira kika hawo da lalle a ƙafa, kika ɓata min tabarma. A nan muka raɗa mata suna 'Yar Sallah.

Ga wani can yana lilo. Tsaya mana… tsaya.

Usmanu ne ya kusa kashe ta tun farko, Allah Ya jiƙansa. Mijina direban alhazai ne, hanyar Makka ya sani, amma kowace magana sai ya sa baki. Ya dube ta ya ce ai sabbar ce, shukar nan mai ƙaya irin ta hamada, rana take so, ruwa kuma kashe ta yake. Ya kai ta saman bene. Ranar Madina, Lauratu. Kafin mako ya zagayo ta yi ja, ta yamushe kamar yatsun mai wankau. Kika hawo kina faɗa, ke da ba kya iya haɗa ido da shi. "Malam Usmanu, wagga ba ta hamada ba ce. Nas ta ce bisa itace taka hita, cikin daji mai ruwa. Inuwa taka so." Ya ce to, Malama. Har ya rasu in ya ga ina ba ta ruwa sai ya ce, a gaida Malama.

Sai ranar da kafil ɗinki, ubangidan da ya tsaya miki, ya ƙi sabunta miki iƙama, takardar zama. Jaka biyu, da keken ɗinkin da kika rantse sai kin tafi da shi, kuma kika tafi da shi. A bakin ƙofa — ni ina kuka ke kina min tsiya — "Yaya, riƙe mini ita. Kan ta sake hure na komo." Kin faɗa. Da kunnena na ji.

Ta sake furen. Ba ki komo ba.

Kuma ta fara latti. Sallah ta zo, sai bayan an gama ziyarce-ziyarce ta buɗe. Shekarar gaba ta ƙara jinkiri. Wata shekara har Shawwal ya wuce ba toho ko ɗaya, na zauna a gabanta na ce shi ke nan, Lauratu ta mutu, shukar ce ta riga ni ji. Na yi miki kuka da ranki. Na ba ta zamzam, na tofa mata addu'a. Can sai ga ta ta yi fure a watan aikin hajji, gida cike da baƙi. Bayan wasu shekaru a Muharram. Sannan a Rabi'ul Awwal. Na ce wannan wace irin marar alkawari ce? Sai Usmanu, sau ɗaya dai ya faɗi daidai: "Ba ita ke latti ba, mu ne ke tafiya. Wata ne ke ja da baya kowace shekara, ita sanyi take bi." Ya ce in muka yi haƙuri, azumi zai zagayo ya sake tarar da ita, ta koma 'Yar Sallarta. Shi dai bai jira ba. Yana kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Ke ma ina jin haka ne. Kina can inda kike, ni ce nake lissafi da watan da ba naki ba…

Bara Suhaila ta ɗauke ta hoto da waya, wayar ta gaya mata ko wace ce. Ashe dangi uku ne masu kama da juna, kowacce Nasara sun laƙaba mata sunan wani bikinsu. Akwai mai haƙora a gefen gaɓa, masu tsini, furenta na kallon gefe, ita ke riga fure. Akwai mai ɗan gashi a bakin gaɓa, furenta a baje kamar tauraro, sai sanyi ya wuce take buɗewa. Sai tamu: gefenta a lanƙwashe, babu tsini, rassa na zubowa ƙasa, fure na rataye, tsakiyar sanyi take yi. Ta Kirsimeti, in ji waya. Na sa yatsa na bi gefen gaɓar, sumul. Haka ne. Shi ya sa nas ɗin take shafa ta tana hawaye, kika ce min. Sallarsu take tuna mata, a garin da ba mai yi mata barka. Mu kuma muka karɓe muka ce tamu ce. Suhaila ta ce to yanzu sai a canza mata suna. Na ce ke da aka raɗa miki Suhaila, an canza da kika yi ƙiba?

Waya ba ta koya min komai ba bayan sunan. Sauran duk na sani, da hannuna na koya. Ɗan ɗakin nan na kusa da kicin, tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye. In tsoma yatsa a ƙasar, in ta bushe a sama in ba ta ruwa, ruwan da muke sha ba na famfo ba, in bar shi ya tsiyaye, kada ta kwana ƙafarta a jiƙe. In zafi ya fara raguwa in rage ruwan, in hana kowa kunna fitila a ɗakin daga Magariba, don sai ta ƙoshi da duhu da sanyi take toho. Har tsohuwar abayata nake yafa mata. Jikoki sun san dokar: ɗakin 'Yar Sallah ba a shiga da haske. Yanzu ta cika tukunyar ƙasa mai faɗin faranti, gindinta ya zama itace, rassa sun zubo har sun rufe bakin tebur. Bana kuwa toho ta yi a kan kowace gaɓa, ban taɓa ganin irinsa ba. Kamar ita ma ta ji saƙon.

In ta yi toho kuma, ba a motsa ta. Ko juya tukunyar ba a yi. Ta saba da inda haske ke zuwar mata, in an sauya sai ta zubar.

Shekaranjiya na ɗauke ta. Ni da kaina, da wannan bayan nawa. Na ce baƙuwa irin Lauratu ba a kai ta lungun kicin, a majalisi za ta tarar da kayanta, a tsakiyar ɗaki. Suhaila ta biyo ni tana "Ummi, la, la, ki bar ta wurinta," na ce gidanki ko gidana? Majalisin da fitilu ke ci har Fahad da abokansa su gama kallon ƙwallo. Ga na'urar ɗumama ɗaki tana hura mata zafi, ga ƙofa ana buɗewa ana rufewa. Jiya da safe na tarar da tohon warwatse a darduma. Garin neman gira… to, ga ido nan a tafina.

Me ya sa ban mayar da ita ba jiya? Na ce motsi biyu ya fi ɗaya ɓarna. Haka na ce wa Suhaila.

Na san abin da za a ce: ki murɗe mata gaɓa biyu mana, ta shanya kwana kaɗan, ta dasa a Maraɗi, kowa ya samu. Na yi wa maƙwabta haka, rabin tagogin layin nan jikokinta ne. Amma mai ajiya ba ta ba mai kaya ɓalli ta riƙe uwa. In rabo za a yi, ke ce da tukunya, ni ce da gaɓa biyu a gwangwani. In fara daga farko? Yaushe ta kama, yaushe ta yi gindi, yaushe ta yi fure… da wane ido zan gani? Kuma kada a ce jirgi ba zai ɗauka ba. Matar da ta fitar da keken ɗinki daga ƙasar nan a kanta, tukunya ce za ta gagare ta?

Ina son ki, Lauratu, Allah Ya sani. Na yi kewarki har na gaji na daina faɗa. Amma da wa nake hira kowace safiya tun da Usmanu ya tafi? Wa nake ba labarin ciwon gwiwa, da auren Fahad da ya ƙi zuwa, da tsadar tumatir? Sunanki nake kira, ita nake kallo. Sabo turken wawa. Yanzu ke ta gasken kina cikin mota, kin tsufa, ban san fuskarki ba, ban san 'ya'yanki ba — in kin tafi da ita bayan kwana nawa ne, a bar ni da tebur da zoben ruwa a kansa.

In kika shigo kika tarar da ita jajir, kamar amarya, wa zai ga laifinki in kin ce a naɗe miki? Amma haka… tsirara, kore zalla, toho a ƙasa… Za ki dube ta ki ce, haba Yaya, wagga abu ce zan ɗauka har Maraɗi? Bar ta nan ta warke. Sai ki yi dariya, sai tari, sai mu sha shayi.

Me ke nan na ji yanzu a ƙirjina? Sanyi ne ya sauka. Daɗi… daɗi nake ji?

A'a. Don in girmama ki na ɗauko ta. Don ki gani. Ni 'yar Inna ce, ba a taɓa… Amma na sani. Tun kafin in sa hannu a ƙarƙashin tukunyar na sani, ni na kafa dokar, ni na koya wa jikoki. Suhaila tana faɗa ina jin ta, ban tsaya ba.

Ƙarar mota a ƙasa. Ƙofar ƙarfe. Muryar Fahad, "Shwayya shwayya, ya Khala," wai ki taka a hankali, da wani takun mai nauyi, ana hawa ana hutawa. Tari.

Saura ɗaya. Ga shi nan ta bayan tukunya, ɓangaren bango inda zafin bai kai ba, ya kumbura, bakinsa ya fara tsagewa, jan ya leƙo. Gobe zai buɗe. Ɗaya ya isa, da ɗaya muka fara, in kika gan shi za ki tuna komai, za ki so ta…

Yatsuna suna kansa. Yaushe na miƙa hannu? Tallafe shi nake, kada ya faɗi. Tallafe shi nake, ko?

"Salamu alaikum. Yaya?"