Kada Ki Fito Sai Kin Ji Waƙa

Duk Asabar da hantsi zauren ɗakin karatu cika yake maƙil da yara, iyaye kuma su jeru a baya kan kujerun roba suna danne-dannen waya. Gwaggo Mai Labari ake zuwa saurare, ita ma kuwa ta san ta iya. Wasan da ya fi yi mata tashe shi ne ta zaɓi yaro ɗaya ya shige bayan labule ya ɓuya cikin tarkacen akwatuna da karyayyun kujeru, inda ita kanta ba ta sani ba, sannan ta zama Dodo ta yi ta kiransa da murya iri-iri.

Ran nan wata 'yar mitsitsiya mai jan takalmi ta zaɓa.

"Saurara da kyau, 'yata. Dodo makiri ne. Zai kira ki da muryar malamarku, har da ta mamanki. Kada ki fito sai kin ji waƙata. Kin ji ko?"

Yarinyar ta gyaɗa kai ta shige.

Labari ya yi nisa, yara suna ta shewa, sai Gwaggo ta ji ƙauri. Hayaƙi ne ke tsattsafowa daga silin, can bayan iyaye, kuma duk zauren ita kaɗai ke fuskantar wajen. Ƙofa ɗaya ce, ƙarama. In ta kuskura ta ce gobara, manya za su tattake yara tun wutar ba ta taɓa kowa ba.

"To, Dodo ya yi barci," ta ce. "Kowa ya kama rigar na gabansa, saɗaf-saɗaf za mu fice. Iyaye, har da ku, ba na son musu."

Suka fita suna ƙunshe dariya. Sai a haraba suka waiga suka ga hayaƙi ya turnuƙe rufin, aka ɗau salati. Maigadi ya buga wa 'yan kwana-kwana waya. Wani uba ya hau yi wa Gwaggo godiya, har kanta ya soma kumbura.

"Gwaggo, ina 'yata?"

Wata mata ce riƙe da 'yar jakar yarinya. Gwaggo ta waiga ta dubi zauren. Ta manta da mai jan takalmi.

Tare suka koma da gudu, maigadi na ihu su dawo. Fitilu sun mutu, hayaƙi ya sauko har kafaɗa, wani abu yana ƙara a silin. Bayan labule akwatuna ne birjik, ba ka ganin ko tafin hannunka.

"Mamana! Ni ce, fito!" Uwar ta yi ta kira da sunan da take mata a gida, tana tari, tana kifar da kujeru. Shiru. "Me ya sa ba ta amsawa? Gwaggo, me ya same ta?"

Gwaggo ta san dalili, da bakinta ta hana yarinyar fitowa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta buɗe baki za ta yi waƙa, hayaƙi ya shaƙe ta, ba abin da ya fito sai tari. Ta durƙusa, ta kwantar da kumatunta kan siminti inda iska ta ɗan rage, ta ja numfashi. Muryar da ta fito ba daɗi, a dishe:

"Dodo ya tafi, ya bar takalminsa, fito mu gani, fito mu gani."

Shiru. Ta sake, hawaye na shiga mata baki.

Can ƙarƙashin wani tebur murfin akwati ya ɗaga. Uwar ta kai hannu ta fizgo yarinyar, suka rarrafo waje daidai lokacin da gefen silin ya rufto kan labulen.

A haraba uwar ta zube ƙasa ta ƙanƙame 'yarta. Yarinyar ta yi tari, ta goge ido, ta leƙo ta kafaɗar uwar tana murmushin wanda ya ci gasa.

"Gwaggo, na iya ko? Dodo ya kira ni da muryar Mama, har da kuka yake yi. Ban fito ba."