Shirun Hanyar Tsafe

Lidiya ta sake duba kwamfutar shagonta na Sabon Gari. Hanyar Tsafe na nan kore shar. Ta duba waya, kore. Ta kira tashar mota, aka ce allon can ma kore yake nunawa. Alhali tun hantsi Gusau ta ɗauka cewa 'yan bindiga sun tare hanya.

Ita ta haɗa manhajar da hannunta. Direba ya ga abin tsoro sai ya aiko rahoto, hanya ta koma ja. Da JavaScript ta rubuta ta, kuma kowa ya gaji da jin kirarin da take yi wa wannan yaren kwamfuta: rubutu ɗaya ne ke aiki a shafin intanet, a waya, da allon tasha. Ba ta taɓa tunanin kuskure ma haka zai bi su duka ukun ba.

Wasila matar Shu'aibu direba, ƙawarta tun makarantar sakandare, ta faɗo shagon ko sallama babu, daga Bungudu take, mayafinta a hannu.

"Lidiya, wayar Shu'aibu ba ta shiga. Abin naki ya duba da sahe, yac ce min hanya lahiya lau, yat tahi da hwasinja."

"Zauna tukuna, Maman Fiddausi."

"In zamna in yi mi?"

Lidiya ta buɗe rubutun manhajar. Ba ta daɗe tana nema ba. Layi ɗaya ne: idan ba a samu rahoto ba, a nuna kore. Ranar da ta rubuta shi tana zaune ƙarƙashin fanka, a ganinta shiru alamar lafiya ce. Duk wani direban Tsafe da ta tambaya da ya gaya mata cewa wanda ke gudu cikin daji ba ya tsayawa latsa waya. Ba ta tambayi kowa ba. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Ta goge layin, ta rubuta wani, ta tura. Nan take koren ya ɓace a kwamfuta, a waya, har a tasha.

Wasila ta leƙo. "Yanzu kuma mi yac ce?"

"Ya ce ba mu da labari."

Wasila ta ɗago ta dube ta.

"Da sahen nan ma ai ba ku da shi."

Ta juya mata baya, ta sake kiran lambar mijinta.