Ranar Da Aka Soke Sunan Lauya An-Ɗage

Ƙeyar lauyan ta bugi durowar ƙarfe, ƙarar ta cika ofishin. Yaya bai sake shi ba. Ya ƙara damƙar wuyan rigarsa ya maka shi karo na biyu, maɓallai suka watse a ƙasa. Auta na tsaye a bakin ƙofa rungume da jakarta, ƙafafunta sun ƙi shiga, sun kuma ƙi komawa.

Da safiyar nan kwamitin ladabtar da lauyoyi ya soke sunan mutumin. Ita ce ta huɗu cikin masu ba da shaida, kuma sau uku shugaban kwamitin yana roƙonta ta ɗaga murya. Maigidanta direban motar kamfani ne. Shekara biyu ke nan yana kurkuku, wai ya buge mutum ya gudu. Ranar da abin ya faru yana kwance an yi masa aiki a ciki, wani ne ya ja motar. Takardar sallama daga asibiti, mai hatimi da kwanan wata, ita kaɗai ce shaidarsu, domin ƙaramin asibitin ya rufe tuni. Ainihin takardar ta kai wa lauyan. Ba ta yi kwafi ba. Gani ta yi miƙa wa babban mutum kwafi tamkar ce masa ne ba ta yarda da shi ba.

Bai nuna takardar a kotu ba, bai ɗaukaka ƙara ba. Duk wata sai ta rufe shagon ɗinkinta ta zo, shi kuma ya ce mata an ɗage. Har masu shagunan ƙasan benen ofishinsa suka sa masa suna An-Ɗage.

Kwamitin ya ba shi kwana bakwai ya mayar wa kowa fayil ɗinsa. Amma a kan matakalar zauren kwamitin, sakatariyarsa, wata dattijuwa mai tabarau, ta matse hannun Auta ta raɗa mata kada ta jira kwana bakwai. Tun jiya ya aike ta sayen kananzir, don a cikin fayilolin akwai abin da zai iya haɗa shi da 'yan sanda. Auta ta kira yayanta a wurin walda, ya taho ko safar hannu bai cire ba. Da suka hau benen, hayaƙi na shigowa ta ƙofar baya. Ganga na ci da wuta a baranda, lauyan kuwa ya rungumo takardu zai ƙara mata.

Yanzu takardun na warwatse a ƙarƙashin takalmansu. Lauyan ya lalubo abin huda takarda a kan durowa, ya kwaɗa wa Yaya a gira. Fata ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yaya ya yi wata irin dariya, ya ce ashe Barista ya iya yin abu a kan lokaci. Ya kwashe ƙafafun lauyan. Suka zube tare da fanka da kujerar baƙi, gilashin takardar shaidar lauyancinsa da ke bango ya faɗo ya tarwatse. Lauyan ya cije shi a hannu, haƙoransa suka tsaya a safar walda. Yaya ya ɗora gwiwa a ƙirjinsa, ya tambaye shi ina takardar.

Lauyan ya tofar da jini, ya ce wace takarda, mutum nawa zai riƙe a kansa. Ya kalli Auta ya ce, “Baiwar Allah, ke ce ta rigimar fili?”

Sau ashirin da huɗu ta zauna a gabansa, bai san ko ita wace ce ba.

Hannuwan Yaya biyu suka rufe wuyan lauyan.

Auta ta ruga baranda. Ta ɗauki sandar tsintsiya ta tona gangar, toka ta tashi ta shige mata ido. Ta cusa hannu ta ciro rabin fayil, wuta ta lashe mata yatsu, sunan wani ne a kai. Ta ciro wani, shi ma ba nasu ba ne. Daga ciki tana jin dugadugan lauyan na dukan ƙasa, bugun yana raguwa.

Da ta dawo, fuskar mutumin ta kumbura, idanunsa sun firfito. Ta ja rigar Yaya ta ce ya isa, bai ma san tana yi ba. Ta san shi tun suna yara: in ransa ya ɓaci ba ya jin roƙo, roƙo ƙara masa wuta yake yi. Ta ga kanta gobe tana bin layin ziyara a kurkuku don maza biyu.

Sakatariyar na laɓe a lungu. Da yatsa take nuna ƙasa. Auta ta bi yatsan da ido. Babban teburin lauyan, mai nauyin gaske, ƙafarsa ɗaya gajera ce. An ninke wani koren fayil biyu an cusa a ƙarƙashinta don kada ya yi rangaji. A gefen da ya leƙo, ta ga haruffa uku na farkon sunan maigidanta. Duk zuwan da take yi, ƙafarta na kusa da shi.

Ta durƙusa ta ja, ko motsi bai yi ba. Ta sa kafaɗa ta tura teburin, ya ƙi.

“Yaya,” ta ce, da muryar da take kiransa da ita in keken ɗinki ya lalace. “Zo ka ɗaga mini tebur.”

Bai juyo ba.

“Ga ta nan a ƙasa. Ni ba zan iya ba. Sai da hannu biyu.”

Ya dubi teburin da ido ɗaya, ya dubi hannuwansa. Ya buɗe su a hankali. Lauyan ya ja numfashi da wata ƙara mai ban tsoro, ya mirgina yana tari da amai. Yaya ya tsallake shi, ya kama gefen teburin ya ɗaga, jininsa na ɗiga a kan katako.

Takardar tana ciki. Ƙafar tebur ta yi mata rami a tsakiya, danshin gugar ƙasa ya ci gefe ɗaya, amma hatimin da kwanan watan na nan. Lauyan, da muryar da ta shaƙe, ya ce zai yi ƙararsu. Yaya ya saki teburin ya ce to, sai ya nemi lauya, Allah ya haɗa shi da irinsa.

A ƙasa mutane sun taru, wasu na hawa da bokitan ruwa. Yaya ya danne girarsa da safar hannu, ya ce su fara zuwa kemis a duba yatsunta. Ta girgiza kai. Ta tsallaka titi ta shiga shagon kwafi.

Mai shagon ya tambaye ta guda nawa, ta ce ashirin. Ya miƙo hannu zai karɓa. Auta, wadda ba ta iya kallon baƙo a ido, ta kalle shi.

“Buɗe murfin injin,” ta ce. “Ni zan ɗora da kaina.”