Ƙasar Ramin Ɗangiwa

Maigidana ɗan kokawa ne, jikan 'yan kokawa, a Jabo. Mutane suna ce masa Ɗangiwa. Ni ban taɓa kiran sunan da bakina ba yana raye.

Da aka kwashe su yaƙin Bama, sun yi zama a ƙasar Indiya. Can ya ga wasu masu gadon kokawa kamar gidansu, sai dai su ba a fage mai tauri suke yi ba. Rami suke haƙawa, su tankaɗe ƙasa, su zuba mata mai, kullum safiya su juya ta. Ya ce har da wani kulki mai nauyi suke wulwulawa ta bayan wuya don ƙarfin kafaɗa.

Da ya dawo sai ya haƙa nasa a bayan ɗakina. Man shanuna a ramin nan ya riƙa ƙarewa. Taɓaryata kuwa ta zama kulki. In fito daka in tarar da ita a hannunsa.

"Malam, hatsin fa?"

"Bari in gama, Tambaya. Ita ma ta gaji da turmi."

Ƙanensa Maccido yakan leƙo ta kan danga ya ce, "Yaya, miyar ƙasa ta nuna? A kawo tuwo?" Amma da kaka samari daga Sanyinna har Kebbe suna zuwa wurin, don ko an maka mutum ba ya karyewa.

Ya rasu daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Zazzaɓi ne. Abin da ya bar mini ke nan: "Kada ki bari ta bushe. In aka daina juya ta, ta mutu."

Ina cikin takaba na ɗauki fartanyarsa, na ci gaba da juya ƙasar. Samari suka daina zuwa. Wa zai tuɓe riga a bayan ɗakin mai takaba? Bayan na fita ma ba su dawo ba. Daga ni sai kaji.

Gab da girbi Maccido ya same ni a ciki.

"Matar yaya, wurin ga nika son in yi rumbu. Gero ya yi albarka bana."

"Geron bai ga wani fili ba sai wanga?"

"To ke za ki yi kokawar? Taho mu kama."

"Da ka sha ƙasa yadda ka saba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "In Abdu ya zo ya shiga, na bar shi. In bai shiga ba, ki yi haƙuri."

Abdu autanmu ne, yana aikin masaƙa a Kaduna. Ya zo da kaka, da takalmi sau-ciki da agogo. Ran nan na juya ƙasar har kafaɗata ta riƙe, na kai shi bakin ramin. Ya tsuguna ya damƙo ta, ya shinshina.

"Inna, ƙanshin Baba ne."

"To, tuɓe takalmin."

Ya dubi ramin, ya dubi danga inda ba kowa.

"Da wa zan kama, Inna?"

Ranar kasuwar Tambuwal ya hau mota ya koma.

Maginan rumbu suka zo. Suka so su kwaɓa ƙasar ramin, ta ƙi kamawa saboda man da ta sha. Suka kwashe ta suka zubar a gindin danga, suka kawo wata daga kududdufi.

Na ɗebi abin da zan iya a wata tsohuwar randa mai tsaga. Maccido ya gan ni ina ja. Ya zo ya ɗauka ya kai mini ɗaki.

Tana nan bayan ƙofa. Da safe in na idar da salla nakan sa muciya in juya ta. In na sami man shanu, nakan raba shi biyu.