Gaisuwar Labbo a Filin Jega

Da uwar jam'iyya ta jiha ta kira zaɓen shugaban shiyya a Jega, cewa ta yi ƙato bayan ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi su ana dafa kafaɗa ana ƙirgawa. Babu akwati, balle mutum ya ɓoye abin da ke ransa.

Tun da hantsi Surajo, sakataren jam'iyya na jiha, ya ja Labbo bayan mota. Labbo shi ne shugaban mazaɓarsu ta wajen Fagada.

"Alhaji Waliyyu na Aliero muke so," in ji Surajo. "Duk shugaban mazaɓar da aka ƙirga a layin Safwan na Maiyama, yau ya sauka. Ka ji ni?"

Labbo ya ce ya ji. Da kujerar nan ake saninsa. In babu ita manomin gero ne kamar kowa, ko wurin suna sai bakin tabarma.

Aka ja layi biyu dab da juna. Labbo ya shiga na Waliyyu, cikin dillalan albasar Aliero, masu ƙirga suka faro daga gaba. Sai ya ji wani tari da ya sani. Yana waiwayawa ya ga Malam Tamu na Kuberi, uban matarsa Gudiya, dogare da sanda a layin Safwan. Ido ya haɗu da ido.

To, a ƙasar nan mutum ba ya ɗaga wa surukinsa hannu daga tsaye. Labbo ya hango masu ƙirga da sauran tazara, ya tuɓe takalmi, ya tsallaka ya durƙusa.

"Baba, barka da rana."

Tsohon ya kama wuyan hannunsa. "A'a, Labbo, kai na? Ina Gudiya? Ƙafan nan tata ta sauka?"

"Ta sauka, Baba."

"Ɗiyan fa? Wanga ƙaramin mai ƙiriniya, an sa shi makaranta?"

"An sa shi."

"Madalla. Geronka tsuntsu bai taɓa shi ba?"

Daga can wani ɗan Aliero ya ɗaga murya: "Ciyaman, ana isowa fa!"

Mutanen Maiyama suka kwashe da dariya. "Ku ƙyale shi, gida ya zo!"

Labbo ya ɗan ja hannu a hankali, ya ji riƙo irin na mai jan rago kasuwa. Ya saci kallon fuskar tsohon. Ashe ba shi yake kallo ba, mai ƙirga yake kallo.

"Baba, a yi mini izini, ƙirga ta iso."

"Haba, yaushe munka gaisa? Ko mutanen Fagada ban tambaye ka ba."

Fizga ɗaya ta isa, tsoho ne. Amma ga 'yan Kuberi kaf sun zuba ido. In ya fizge hannu daga uban Gudiya, kafin ya koma Fagada labari ya riga shi, kuma ba shi da sauran fuskar shiga gidansa. Can gefe Surajo ya daina magana a waya, yana kallonsa.

"Mai gari lafiya lau?" in ji Malam Tamu.

Labbo ya sunkuyar da kai. "Lafiya lau yake, Baba."

Hannun mai ƙirga ya sauka a kafaɗarsa, ya wuce na baya. Nan take tsohon ya sake shi.

"To tashi, Allah shi yi albarka. Ka gaida gida."

Labbo ya miƙe, gwiwoyinsa duk ƙasa. Kafin ya gama sa takalmi, Surajo ya yafito Ɗayyabu, mataimakin Labbo, yana tambayarsa ko ya taɓa riƙe taro.