Wasan Ƙarshe da Ruwan Shuka

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, babu gwanayen ƙwallon tebur a yankin Birnin Kudu kamar Nuru da Isma'ila. Nuru malamin asibiti ne, mai zafin hannu da zafin baki. In ya maka ƙwallo sai an nemo ta a bayan taga. Isma'ila kuwa malamin firamare ne a Farin Dutse. Ba ya duka da ƙarfi, ba ya surutu, mayarwa kawai yake yi har mutum ya ƙosa ya yi kuskure. Nuru bai taɓa cinye shi ba, abin kuma yana damunsa ƙwarai.

Su biyun suka kai wasan ƙarshe, wanda ya ci zai wakilci yankin a Kano. Ana gobe wasa aka yi ruwan shuka. Isma'ila ya aiko cewa ba zai zo ba, domin mahaifinsa, Baba Sabo, ya tsufa, ga gona tana jira.

Alƙalin wasa, Malam Bappa, ya ce, "To Nuru, ka ci ke nan."

"Na ci wa? Teburin? Malam, don Allah a ɗaga mana zuwa Litinin."

Washegari Nuru ya hau babur ɗinsa har Farin Dutse, ya tarar da Isma'ila a gona.

"Malam Isma'ila, gudu ka yi, ko?"

"Gero nake shukawa, Likita. Ka iya?"

"Miƙo sungumin nan!"

Nuru ya shiga sara da ƙarfin tsiya, Isma'ila na biye yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Baba Sabo ya leƙa ramukan, ya ce, "Ɗana, shuka muke yi, ba rijiya ba." Kafin Lahadi da yamma sun gama gonar, amma tafin Nuru duk ya yi bororo.

Ranar Litinin ya gwada dukansa na kullum, zafi ya hana shi. Dole ya koma mayarwa a hankali. Isma'ila ya yi ta jiran dukan da ya saba tarewa, shiru. Da jira ya ishe shi sai ya fara dukan da kansa, ƙwallo kuwa ta riƙa wuce tebur. Nuru ya ci, da ƙyar.

Isma'ila ya miƙa masa hannu, ya tuna da bororon, sai ya dafa kafaɗarsa.

"Likita, kafin ka tafi Kano akwai noman fari. Ka zo, zai ƙara gyara maka hannu."

Nuru ya yi dariya, ya ce a ajiye masa fartanya.