Hujjar da Ntate Mokhethi Ya Nema

A Botshabelo ta Afirka ta Kudu ba a cewa an gama da mamaci sai an kafa masa dutse a kan kabari, an lulluɓe dutsen da farin ƙyalle, an tara dangi an yaye ƙyallen, an yanka tunkiya. Puseletso, matar Ntate Mokhethi, wato Baba Mokhethi, ta kusa shekara uku a ƙasa, amma abin da ke kanta har yanzu ɗan allon ƙarfe ne mai lamba, irin wanda ake caka wa kowa. Mijin nata, tsohon direban motar gidan burodi, ya daɗe yana zuba adashi daga ɗan fanshonsa, kuma ɗaukarsa za ta zo a ƙarshen sanyi. Har ya zaɓi dutsen: baƙi mai sheƙi, da wurin da aka bari a gefe domin sunansa.

Sai dai akwai maganar katin banki. Puseletso ta karɓe shi lokacin da ƙirjinta ya fara ciwo, ta ci bashin kuɗin mota zuwa asibitin Bloemfontein da na magungunan da asibiti kan ce sun ƙare. Da banki ya gaji da jira, sai ya sayar da bashin ga wani kamfani wanda sana'arsa ke nan, sayen haƙurin da ya ƙare wa wasu. Kuma da yake aurensu irin wanda dukiya ke zama ɗaya ne, bashin ya zama na Ntate Mokhethi, kamar yadda tukwanenta suka zama nasa.

'Yarsu Limpho, wadda ke karɓar kuɗi a wani babban kanti a birni, ita ta ɗauki hutun yini ta je wurin lauyoyin da ke duba talakawa kyauta. Ta dawo da albishir. Bashi irin wannan, in ya shekara uku ba a biya ko sisi ba, ba a kai kotu ba, kuma wanda ake bi bai amsa da bakinsa cewa ana bin sa ba, to ya mutu. Na mahaifiyarta saura 'yan makonni ya cika.

"Shi ya sa suka dame ka da waya yanzu, Ntate," in ji ta. "Kalma ɗaya suke nema. Ka ce i, ko ka tura musu rand goma, lissafi ya koma farko. Kuɗin dutse kuma ka yi masa ban kwana."

"To me zan ce musu?"

"Ka ce: ban san da wannan bashi ba, ku kawo hujja. Shi ke nan. Maimaita in ji."

"Amma ai na san da shi."

"Ntate, don Allah! Wa ya tambaye ka abin da ka sani? Maimaita."

Ya maimaita, kansa a sunkuye, kamar ɗan makarantar da aka kama bai yi aikin gida ba. Ta rubuta masa jimlar da manyan baƙaƙe a bayan kwalin shayi, ta manna a jikin firij.

Mai kiran wata yarinya ce mai suna Khethiwe, daga wani ɗaki a Durban inda ake jin muryoyi da yawa suna gaishe da mutane da yawa a lokaci guda. Takan kira da hantsi, lokacin da yake zaune a bakin ƙofa cikin bargonsa yana shan rana. Takan fara da sanar da shi cewa ana naɗar maganarsu, sannan ta tambayi lafiyarsa. Ntate Mokhethi bai taɓa kashe wa mutum waya yana cikin magana ba, kuma yana ganin tsufa ba lokacin koyon rashin kunya ba ne. Saboda haka sukan taɓa maganar sanyi, da gwiwarsa, da tsadar kananzir.

"Ke a Durban me kika sani game da sanyi?" yakan ce. "Ku da kuke kwana da fanka."

"Ntate, ai mu ma muna sa rigar sanyi."

"Don ado."

Sai ta yi 'yar dariya, ta gyara murya, ta ce tana kira ne game da asusun Mme Puseletso Mokhethi, wato Mama Puseletso. A unguwa an daina kiran sunan. Ana cewa marigayiya, ko uwar Limpho, ana sassauta murya. Yarinyar nan kaɗai ke faɗinsa cikakke, da ƙarfi, kamar mai sunan za ta leƙo daga kicin. Daga nan sai ya juya ya dubi firij ya karanta jimlarsa. Ita kuma ta ce ta gode, za ta rubuta. Haka suka yi ta yi, kowa yana riƙe da takardar da aka rubuta masa.

Wata Talata, bayan ya karanta, Khethiwe ba ta ce za ta rubuta ba.

"Ntate, kullum kana cewa a kawo hujja. Yau an ba ni ita."

"Ki aiko ta gidan waya."

"Ba takarda ba ce. Magana ce da aka naɗa, lokacin da banki ya kira Mme. In ka yarda in kunna maka."

Limpho ta tanadar masa amsar wasiƙa, ta tanadar masa amsar barazanar kotu, har ta gaya masa abin da zai yi in wani ya zo ƙofa da jaka. Wannan kam ba ta zo a cikin darasin ba. Wayar Puseletso ta lalace tun kafin a yi bakwai, kuma su ba mutanen ɗaukar bidiyo ba ne. Yana da hotunanta, yana da jar rigarta ta ƙungiyar matan coci a rataye cikin leda. Muryarta ce ba shi da ita. A 'yan watannin nan ma ya lura in ya nemi tuno ta, ta Limpho ce ke zuwa.

"Kunna," ya ce.

Aka ɗan yi ƙara, sannan wani saurayi ya yi gaisuwa ya faɗi sunan banki. Sai tari. Ya gane tarin kafin ya gane komai.

"Ni ce, ɗana," in ji Puseletso. "Na sani, na sani. Ƙarshen wata zan kawo wani abu. Ba gudu zan yi ba, da wace ƙafar?"

Saurayin ya tambaya ko akwai wata lambar da za a same ta.

"A'a, kada ka kira ta tsohon nan. In ya ji, sai ya ƙi cin abinci kwana biyu, ni kuma in rasa wanda zan yi wa faɗa."

Daga can nesa, cikin naɗin, wani mutum ya ɗaga murya yana tambayar inda aka kai masa hularsa. Ntate Mokhethi ya ɗan jima kafin ya gane cewa shi ne.

"Tana kanka, ranka ya daɗe!" ta amsa da ƙarfi. Sannan ta dawo kan waya tana dariya, dariyar tana karyewa ta koma tari. "Ka ji ko? Shekara arba'in ke nan. To, ɗana, ƙarshen wata."

Naɗin ya ƙare. A titi wata motar haya tana ta danna oda tana neman fasinjan birni. Ntate Mokhethi ya ga hannunsa ya kai kan hularsa, bai san lokacin da ya ɗaga shi ba.

"Ntate?" Muryar Khethiwe ta yi ƙasa. "Dole in yi maka tambayar da ke gabana. Ka san wannan muryar? Ka amince bashin na gidanka ne?"

Kwalin shayin yana nan a jikin firij, baƙaƙen manya, ko babu tabarau yana iya karantawa. Ya san abin da kalmar za ta ci: dutsen, da tunkiyar, da dangin da aka riga aka gaya wa su shirya. Ya san kuma cewa ana naɗa. Abin da ya kasa shi ne ya bar a ajiye, a ɗaki ɗaya da dariyarta, muryarsa tana cewa bai san ta ba.

"Matata ce," ya ce. "Ta ce za ta biya. Za mu biya."

Khethiwe ta karanta masa sharuɗɗa, ta faɗi abin da za a riƙa cira kowane wata, ya ce i a duk inda ake bukatar i.

Da Limpho ta zo ranar Asabar ta ji, ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ihun ciwo. Ta ɓamɓare kwalin daga firij ta ninke shi.

"'Yan makonni, Ntate. Mme za ta ƙara shekara nawa a ƙarƙashin lamba?"

"Na ji ta, Limpho. Ta yi dariya."

Ta zauna a kan kujerar uwarta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Me ta ce?"

Ya faɗa mata, har da maganar hula. Amma a bakinsa maganar ba ta yi daɗi ba, shi ma ya ji. Ya yi mata alkawari zai sa a kunna mata.

Ranar Litinin shi ya kira kamfanin da kansa, da kuɗin wayarsa. Ba a ba shi Khethiwe ba. An ce ita tana sashen masu gardama, shi kuwa yanzu yana cikin masu biya. Wani saurayi mai ladabi ya saurari roƙonsa, ya bayyana masa cewa ba a kunna naɗi sai inda ake musun bashi.

Ntate Mokhethi ya dubi firij, inda sauran gam ya bar tabo mai kusurwa huɗu. Bai bukaci takardar ba.

"To, ban san da wannan bashi ba," ya ce a hankali. "Ku kawo hujja."

"Babu damuwa, Ntate. Ɗan riƙe."

Ya miƙe zaune, ya gyara bargonsa, ya danna wayar a kunnensa mai ji sosai. Aka ɗan yi ƙara. Sai ya ji muryar wani tsoho, a gajiye, tana cewa: matata ce, ta ce za ta biya, za mu biya.

"Wannan ita ce hujjar da ke kan asusun yanzu," in ji saurayin. "Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi yau?"